Masallacin Zariya na Jos ko na cikin birnin Zazzau: ina ya kamata mu kai ɗalibai?

Malamar_Gangare
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema. Islamiyyar da nake koyarwa tana shirya wa 'yan ajin sauka ziyarar tarihi kafin hutun ƙarshen shekara, kuma ni aka ɗora wa nauyin zaɓen wuri. Raina Zariya yake so, saboda tsohon masallacin Juma'a da ganuwa da unguwannin malamai. Amma shugaban makarantarmu ya ce me zai sa mu kwashi 'ya'yan mutane mu hau hanyar Saminaka, alhali ga masallacin Zariya nan a gidan tarihi na Jos, kusa da gidan zu, an gina shi da ƙasa yadda yake tun asali? Har ya ce na Jos ɗin ya fi na can cika. Don Allah waɗanda suka san wuraren biyu, haka abin yake? In na nan ya wadatar, ba sai mun ɗora wa iyaye kuɗin mota ba.

Abu_Rikkos
Wa'alaikumus salam. Tsaya Malama, wai akwai masallacin Zariya a Jos? Ta wane gefe? Mu dai tun muna yara gidan zu ake kai mu da salla, daga nan sai gida.

Injiniya_BauchiRoad
Akwai shi, @Abu_Rikkos. In ka wuce babban ginin gidan tarihin, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, ka nausa ciki, za ka tarar da fili mai faɗi da aka ware wa gine-ginen gargajiya na Najeriya. MOTNA ake ce masa. Wani Bature masanin zanen gini ɗan ƙasar Foland, Zbigniew Dmochowski, shi ya tsaya a kan aikin cikin shekarun 1970. Tun kafin nan ya daɗe yana yawo a ƙasar nan da ma'auni da takarda, yana auna tsofaffin gine-gine ɗaki-ɗaki, ginshiƙi-ginshiƙi. Da waɗannan zane-zanen aka tayar da wani yanki na ganuwar Kano, da na fadar Katsina, da masallacin Juma'a na Zariya. Kuma girmansu na gaske ne, mutum yana shiga ya yi tafiya a ciki ya ɗaga kai.

Malama, maganar shugabanku tana da tushe. A Zariya, cikin shekarun 1970 an yi sabon gini na siminti da ya lulluɓe tsohon, ta yadda tun daga lokacin aka daina ganin ginin ƙasar daga waje. A Jos kuwa za ki ga siffarsa ta waje da tulluwar rufinsa, kamar yadda mutanen ƙarni na 19 suka san shi. In gini kike so yara su fahimta, na nan ya isa.

Bazazzagi_a_Dilimi
Malama, da izininki. A cikin birnin Zariya aka yanke mini cibiya, kasuwanci ne ya zaunar da ni Jos. Injiniya ya faɗi gaskiya a kan gini, ban musa ba. Amma na Jos ba a kiran salla a cikinsa, ba shi da liman, babu fada daura da shi. Na Zariya kuwa tun zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, ake sallar Juma'a a wurin. Yaron da ya tsaya a wannan fili ranar Juma'a ya ga Sarki ya fito da dogarai, ya ga malamai sun taho da almajiransu daga unguwannin Kona da Juma, ya ga abin da babu gidan tarihin da zai iya nuna masa.

Sai dai dole in faɗa miki abin da har yau yake ci mini rai. Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, ana cikin sallar la'asar, wani ɓangare na rufin tsohon ginin ya rufto a kan masallata, aka rasa rayuka. Bayan nan aka kafa gidauniyar sake gina masallacin. Saboda haka kada ki yi wa yara alkawarin za su ga bakunan Babban Gwani yadda suke a hotuna. Ki fara rubuta wa fada takarda, su za su gaya miki inda baƙi za su iya shiga.

Hajiya_Nasarawa
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na tuna ranar. Allah Ya jiƙansu, Ya karɓi shahadarsu, sun cika suna gaban Ubangijinsu.

Umar_UnguwarRogo
Amin Hajiya. To ai wannan ma ya ƙara wa na Jos daraja ke nan. In asali ya taɓu, kwafin da aka yi da awo shi ne shaidar da ta rage mana.

Abu_Rikkos
Wane ne Babban Gwani kuma? Suna ne ko sarauta?

Jikan_Magina
Laƙabi ne, ƙanena, na maginin da ya gina masallacin. Wasu suna ce masa Malam Mika'ilu, wasu Muhammadu Durugu. Har yau akwai unguwar Babban Gwani a cikin birnin Zariya, kuma zuriyarsa an san su da gini.

Bari in ɗan yi bayanin aikin, don kakana magini ne, kuma ina yaro na sha miƙa masa tubali. Duk wanda ya shiga irin wannan ɗaki ya ga rufi mai faɗi a tsaye babu rodi babu siminti, abin da zai fara tambaya shi ne me ya riƙe shi. Azara ce. Ana faskara ta daga itacen giginya, kuma magina sun fi son namijin giginya domin ya fi ƙarfi, gara ba ta cinsa da sauƙi. Matsalarta ɗaya, in ka shimfiɗa ta a kan wuri mai faɗi ka ɗora mata ƙasa, lanƙwashewa take. To maimakon a nemi doguwa guda, sai a dasa gajeru a jikin bango tun ana gini, su ɗan leƙo ciki. A ɗora wasu a kansu su ƙara leƙowa, a ɗaure da igiya, a yaɓe da ƙasa, a bari ya bushe. Haka ake yi hawa-hawa daga wannan bango da wancan har ƙafafun biyu su haɗu a sama. Wannan shi ne baka. In bakuna suka gitta juna a tsakiyar ɗaki, shi ne ɗaurin guga. Ba a gaggawa, domin in ka ɗora sabon hawa a kan ɗanye, ka gama ɓata aikin.

Tubalin ma ba irin bulon yanzu ba ne. Da hannu ake mulmula shi, gindi da faɗi, kai a tsuke, a shanya a rana, a jera shi a tsaye kai sama, ana cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bangon yana da kauri sosai a ƙasa, yana raguwa yayin da yake hawa. Shi ya sa in ka shiga da tsakar rana sai ka ji sanyi ya ratsa ka.

Sannan maganin ruwa. Ana jiƙa ɓawon ɗorawa a samu makuba a shafe bango da ita. Rufi kuma laso ake yi masa, wato katsi da ake kwasowa daga marina a haɗa da gashin akuya daga majema da dafara. Ka ga ke nan magini ba ya aiki shi kaɗai, sai da marini da majemi. Yanzu da karofi ya yi ƙaranci, ina za ka samo katsin da zai ishi rufin masallaci?

Malama, in kun je na Jos, ki sa yaran su tsaya a gindin ginshiƙi ɗaya su bi bakan da ido daga ƙasa har inda ya haɗu da ɗan'uwansa. Su kuma lura da zanen da ke jikin ginshiƙan, da hannu aka fitar da shi a ɗanyar ƙasa, ba fenti ba ne.

Malamar_Gangare
Allah Ya saka da alheri Baba @Jikan_Magina. Wallahi wannan bayanin kaɗai darasi ne. Zan kwafe shi in karanta musu.

Sabon_Jini
Ni fa ku yi mini haƙuri, ina girmama tarihi, amma bayan abin da ya faru a 2023 ban ga dalilin da za a ci gaba da tara dubban mutane a ƙarƙashin rufin ƙasa mai shekara kusan 190 ba. Ran mumini guda ya fi kowane gini. A yi na zamani mai ƙarfi a Zariya, a bar na Jos ya zama na kallo. Kowa ya samu abin da yake so.

Jikan_Magina
Ɗana, a kan darajar rai babu mai ja da kai. Amma kada ka ɗauka ƙasa ce ba ta da ƙarfi. Ginin ƙasa kamar dabbar kiwo yake, kullum yana son hannu. A da, da zarar damina ta wuce, kowane gida yaɓe ake yi, a duba indararo, a toshe tsaga, a sabunta laso. Akwai Sarkin Magina da jama'arsa da wannan ne aikinsu. Ginin da ake yi wa haka yana ganin jikoki da tattaɓa-kunne. Wanda aka bari kuwa, damina kaɗan ta ishe shi. Kuma wannan magana ta shafi na Jos fiye da na ko'ina, don ruwan da ake yi a Filato ya fi na Zazzau yawa.

Injiniya_BauchiRoad
Wannan batu na ƙarshe shi ne damuwata. An ɗauko ginin da aka ƙirƙira don yanayin ƙasar Hausa an kawo shi kan tsauni mai ruwa da sanyi. In ana so ya daɗe, kulawar da yake buƙata ta ninka.

@Sabon_Jini akwai hanya ta uku. Ana iya fitar da salla zuwa sabon gini, a ƙarfafa tsohon a bar shi a tsaye a inda yake, ana shiga da ƙa'ida. Ba dole sai an zaɓi tsakanin rushewa da jefa mutane cikin haɗari ba.

'YarBauchi
Tunda ana maganar Babban Gwani, mu ma a Bauchi muna da rabonmu. A fadar Sarkin Bauchi akwai soron da ake kira Babban Gwani, sannan ga Gidan Madaki a Kafin Madaki, shi ma aikinsa ne ake cewa, kuma yana cikin gine-ginen da gwamnatin tarayya ta ayyana a matsayin kayan tarihi na ƙasa. Daga Jos Bauchi ta fi Zariya kusa, Anti Malama. Ki saka a lissafi.

Bazazzagi_a_Dilimi
Ƙanwata, Bauchi aro ta yi, gwanin namu ne. A gida ana ba da labari cewa da dare yake aikinsa, don kada a ga yadda yake ɗaura bakunansa. Ana kuma cewa bayan ya yi wa wani sarki gini a Birnin Gwari, sarkin ya sa aka kashe shi don kada ya yi wa wani irinsa. Labarin baka ne da muka taso muna ji wurin tsofaffi.

Malam_Tarihi
Gara da ka ce labarin baka ne, Alhaji. Irin wannan labari na sarkin da ya halaka magininsa ana ba da shi a ƙasashe da yawa, a kan gine-gine daban-daban. Abin da yake nunawa tabbas shi ne yadda mutane suka ɗauki aikin mutumin, har suka ga ba zai maimaitu ba.

Malama, ni ina koyar da tarihi a sakandare, kuma ina goyon bayan Zariya, amma da wani dalili daban. Masallacin nan, duk da darajarsa, yaro ne a tarihin Zazzau. Musulunci ya shiga fadar Zazzau tun ƙarni na 15, zamanin Sarki Muhammadu Rabbo, kusan lokaci ɗaya da Muhammadu Korau a Katsina da Muhammadu Rumfa a Kano, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Kafin birnin da muka sani yanzu, cibiyar mulki ta zauna a Turunku da kuma gindin dutsen Kufena. Ganuwa da ƙofofinta, Ƙofar Doka, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kuyambana, Ƙofar Kona, Ƙofar Tukur-Tukur da sauransu, duk sun girmi masallacin nesa ba kusa ba. Bayan jihadi kuma sarauta ta riƙa zagayawa tsakanin gidaje huɗu: Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa. Abdulkarimu da aka yi masallacin a zamaninsa Bakatsine ne. Sarkin yanzu, Ahmad Nuhu Bamalli, daga Mallawa yake, ya hau a 2020 bayan rasuwar Shehu Idris wanda ya yi shekara 45 a kan gado. Duk wannan a ƙasa ake ganinsa, unguwa-unguwa. A Jos masallacin yana tsaye shi kaɗai, an ciro shi daga cikin danginsa.

Zee_Bukuru
Malam ba ka ambaci Sarauniya Amina ba! In 'yan mata ne a ajin, ai ita za su fara tambaya.

Malam_Tarihi
Na bar ta ne don tana buƙatar magana ta daban, 'yata. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambace ta a littafinsa Infaƙul Maisuri, ya ce ta yi yaƙe-yaƙe har ƙasashe da dama suka bi ta, kuma ta rasu a Atagara. Tarihin sarakunan Kano da aka rubuta da Larabci ya sa ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, wato farkon ƙarni na 15. Riwayar Zazzau kuma ta ce 'yar Bakwa Turunku ce, wanda hakan ya kai ta ƙarni na 16, kuma ƙanwarta Zariya ce aka sa wa birnin sunanta. Kin ga tsakanin riwayoyin biyu akwai fiye da shekara 100. Sannan a rubutaccen jerin sarakunan Zazzau sunanta bai fito ba. Wannan ya sa masana suke muhawara a kan ko sarauta ta yi ko jagorancin yaƙi. Ni abin da nake gaya wa ɗalibaina, ku riƙe dukkan riwayoyin, ku san wa ya faɗi wanne.

Zee_Bukuru
To amma ganuwar Amina fa da ake faɗa a garuruwa da yawa? Mutane ba za su haɗu a kan sunan wadda ba ta yi komai ba.

Malam_Tarihi
Ban ce ba ta yi komai ba. Samuwarta da girman tasirinta ba su ne abin saɓani ba. Lokacinta da matsayinta ne.

Ɗan_Suleja
Ina bin ku daga Abuja, kuma ba zan bari a wuce ba a ambace mu ba. In ana maganar tsohuwar Zazzau, rabinta yana wajenmu. Lokacin da rundunar Malam Musa ta ci Zariya a zamanin jihadi, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya fita da jama'arsa ya yi kudu, har Zuba. Riwayarmu ta ce yana filin Idi a bayan gari abin ya same shi, bai samu komawa cikin birni ba. Bayan rasuwarsa ɗan'uwansa Abu Ja ya gaje shi, shi ya kafa garin Abuja a 1828. Da aka zaɓi yankin don sabon babban birnin tarayya a 1976, sai sunan ya koma can, tsohon garin ya zama Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Har gobe Sarkinmu Sarkin Zazzau ake ce masa. Yawancin masu zama a Abuja ba su san sunan birninsu daga wani ɗan sarkin Zazzau ya fito ba, kuma abin yana damuna.

Abu_Abdillah
Assalamu alaikum. Ina da tsokaci, kuma don Allah a fahimce ni. Ziyarar masallaci da malamai babu laifi. Amma na ga ana ambaton Kufena da Turunku. Waɗannan duwatsu an san wuraren bautar iskoki ne kafin Musulunci. Ɗaliban Islamiyya, waɗanda aka gama koya wa tauhidi, mene ne amfanin kai su can? Ina tsoron a je a cika musu kunne da labarin aljanun dutse, yaro ya dawo da abin da bai tafi da shi ba. Haka nan in za a shiga birni, a kiyaye kai su kaburbura da sunan neman albarka.

Hajiya_Nasarawa
Malam yana da gaskiya ta wani ɓangaren. Yara suna da saurin ɗaukar abu.

Alaramma_AliKazaure
Malam Abu Abdillah, Allah Ya saka maka da kishin addini. Amma duba nan. Alƙur'ani a wurare da dama ya ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabata ya kasance. Bambancin yana ga niyya da kuma wanda yake jagora. In malamarsu ce ta tsaya da su a gindin Kufena ta ce, nan kakanninku suka taɓa yin yanka don tsoron dutse, sannan Allah Ya kawo musu haske ta hannun malamai da fatake, ga birnin da suka gina bayan nan, ga masallacinsa, wallahi yaron zai fi gane ni'imar da yake ciki fiye da wanda aka ɓoye masa. Ni na yi karatun nahawu a cikin birnin Zariya, a zaure, a kan buzu. Tun da can an san Zariya da nahawu da lugga, ɗalibi yakan gama fiƙihu a wani gari ya taho nan don Larabci. Malaminmu yana da wani tsohon gafaka cike da takardu rubutun hannu, gefensu duk ya ci, an cika bakin kowane shafi da ƙananan sharhi, wani da tawada baƙa wani da ja, hannun mutum uku ko huɗu a shafi ɗaya. In ya buɗe sai ya nuna mana ya ce wannan rubutun kakansa ne, wannan na mahaifinsa. Irin wannan zaure nake so a kai yaran, su zauna ko na rabin awa ne su ji ana fassara baiti.

Abu_Abdillah
Alaramma, a kan zauren malamai muna tare ɗari bisa ɗari. A kan dutsen dai ina nan a kan ra'ayina. Ana iya ba su labarin a aji ba tare da an je ba.

Bulus_Wusasa
Salama gare ku duka. Ni Kirista ne, Bahaushe, iyayena 'yan Wusasa ne, ina aiki a nan Jos. Na ga ana ta maganar Kufena, to a gindinsa muka girma, kuma mu hawa kawai muke yi mu hango birni. Abin da nake so in ƙara shi ne, in kun isa wajen, akwai tsohuwar majami'ar St. Bartholomew da aka gina a 1929, lokacin da mishan ta tashi daga cikin birni ta koma Wusasa. Da ƙasa aka gina ta, da baka da azara, hannun maginan Hausa. Wanda ya ga masallacin ya ga ita zai gane gida ɗaya suka fito ta fuskar sana'a. Likita Miller, wanda ya yi aikin fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa da aka buga a 1932, a Zariya ya yi shekaru masu yawa. Janar Yakubu Gowon ma, ɗan Filato, a Wusasa ya tashi. Ban ce lallai ku kai ɗaliban Islamiyya coci ba, Malama, wannan shawararku ce da iyayensu. Na faɗa ne don a san tarihin garin yana da wannan reshen, kuma mu da muke zaune a Jos mun fi kowa buƙatar sanin irin wannan.

Jikan_Magina
Na gode da ka kawo wannan, ɗan'uwa Bulus. Magini ɗaya ne zai yi wa Sarki soro, ya yi wa liman masallaci, ya yi wa attajiri zaure. Duk wanda yake son ya karanci aikin, ko'ina ya gan shi ya tsaya ya duba.

Umar_UnguwarRogo
Mun yi nisa fa. Tambayar Malama ita ce Jos ko Zariya. Ni har yanzu Jos nake cewa, kuma ga ƙarin dalili. A gidan tarihin nan akwai kawunan Nok na yumɓu, waɗanda masu haƙar kuza suka fara tonowa a 1928, shekarunsu sun haura 2,000. Akwai zauren tukwane daga sassan ƙasar nan. Akwai kuma tarin littattafan Larabci rubutun hannu da aka tattaro daga garuruwan Arewa, irin waɗanda Alaramma yake magana. Duk a wuri ɗaya, kuɗin keke napep. Yaran da ba su san abin da ke bayan gidansu ba, me ya kai su wata jiha?

Maman_Khalifa
A matsayina na uwa, maganar hanya ce a gabana. Daga Farin Gada a bi Jengre, Saminaka, Pambeguwa kafin a kai Zariya, tafiya ce mai tsawo ga yara, kuma ba na so dare ya yi musu a hanya. In za a je, a tashi bayan sallar asuba, a kwana can a wurin da aka sani, a juyo da safe. In ba za a iya wannan ba, a haƙura.

Bazazzagi_a_Dilimi
Masauki ba zai gagara ba, Maman Khalifa. Makarantun Islamiyya na can suna karɓar baƙi irin haka in an yi magana da wuri. Kuma @Umar_UnguwarRogo, gani ya kori ji. Yaro ya shiga ta Ƙofar Doka ya ga ragowar ganuwa da idonsa, ya ga inda gidaje suka ci ta, ya ga inda aka ɗebi ƙasarta aka yi bulo. Wannan ma karatu ne, domin su ne za su hana ko su bari nan gaba.

Injiniya_BauchiRoad
Ni da za a bi tawa, a haɗa biyun amma a jere su daidai. A fara da na Jos, yara su ga cikakkiyar siffar, su zana ta a littafinsu. Sannan in hali ya yi a je Zariya, su tsaya a ainihin wurin da zanen a hannu. In aka fara da Zariya, ba za su san abin da suke nema ba.

Sabon_Jini
Wannan ya yi ma'ana. Amma har yanzu ba wanda ya amsa mini: wa zai biya kuɗin yaɓen da Baba yake magana, a Jos ko a Zariya? Kowa yana son tarihi, amma in aka zo gidauniya, siminti da tayil ake tara wa kuɗi.

Malamar_Gangare
Na gode ƙwarai jama'a, Allah Ya bar zumunci. Zan kai wa shugabanmu shawarar Injiniya: wannan zangon mu shiga na Jos, Zariya kuma mu sa ta a gaban taron iyaye su yanke. Maganar Kufena ma su zan bar wa, tunda na ga ko a nan malamai ba su haɗu a kanta ba. Alhaji @Bazazzagi_a_Dilimi, zan neme ka a kan yadda ake rubuta wa fada.

Malam_Tarihi
Ni dai ina tsoron in aka ce "wani zangon", 'yan ajin saukar nan sun watse ke nan ba su ga Zariya ba. Ki matsa a taron iyayen, Malama.

Jikan_Magina
Ranar da za ku shiga na Jos ki sanar a nan. In Asabar ce zan zo, zan kuma taho da guntun azara da ɓawon ɗorawa su taɓa da hannunsu. @Sabon_Jini, kai ma ka zo, mu yi maganar kuɗin yaɓen a gindin bangon, in nuna maka nawa ne aikin da nawa ne kayan.

Abu_Rikkos
Ni ma a sa da ni. Ana barin manya su bi ɗalibai, ko sai mun yanki tikitinmu daban?